Zacharia, Direban Hanyar Kwazale

Duk wanda ya taɓa neman motar Kwazale a tashar da ke bayan kasuwar Mubi, Zacharia aka nuna masa, don shekara da shekaru babu wata motar sai tasa. Tsohuwar a-kori-kura ce fara, ƙofar gefen fasinja da igiya ake ɗaure ta. Shi kuwa mai motar gajere ne, kakkaura, ba shi da yawan magana, amma in ya yi dariya sai an jiyo shi daga rumfar masu faci.

A Kwazale aka haife shi. Ƙauye ne na ƙabilar Gude a gindin duwatsu, gaba da Sahuda, inda coci ke gabas masallaci ke yamma, gonaki kuwa a cakuɗe suke, ba ka iya cewa wannan ta mai zuwa coci ce wannan ta mai zuwa masallaci. Mahaifinsa manomin dawa da gyaɗa ne. Da Zacharia ya gama firamare ya sauko Mubi, ya koyi tuƙi, ya yi shekara goma sha biyu yana jan manyan motocin shanu zuwa kudu. Ciwon baya ne ya sauke shi. Ya sayi a-kori-kurar nan, ya koma gida, ya auri Christy, wadda duk yankin an san ƙuli-ƙulinta. Suka haifi 'ya'ya uku, babbarsu Purity, shi ya sa a gida ba a kiransa sai Baban Purity.

Tsakanin Kwazale da hanyar Sahuda akwai mayo, wato rafin da ke saukowa daga kan duwatsu. Da rani yashi ne kawai, yara na ƙwallo a ciki. Da damina kuwa, ko ɗigo bai sauka a ƙauyen ba, in an yi ruwa a saman dutse sai ka ji shi yana tahowa da ruri, ya cika fal, ya raba Kwazale da duniya na awa huɗu, wani lokaci kwana biyu. Zacharia ya san rafin nan kamar yadda ya san motarsa. Yakan dubi hadarin da ke kan dutse, ya dubi launin ruwan, ya ce a shiga ko a jira, kuma mutane sukan bi abin da ya ce.

A shekarar da 'yan ta'adda suka ƙwace Mubi, mutanen Kwazale suka bi ta kan duwatsu suka tsallaka Kamaru, kamar kowa. Bayan 'yan watanni suka dawo, suka share gidaje, suka yi shuka. Zacharia ya ɗauka an wuce wurin. Ashe daga nan ne ƙauyen ya fara zubewa a hankali. Ma'aikaciyar jinyar da ke ƙaramin asibitinsu ba ta dawo ba. Malaman makaranta biyar suka koma biyu, biyu suka koma ɗaya. Famfon tuƙa-tuƙa ya lalace, aka yi wata bakwai ba a ga mai gyara ba. Matasan da suka ɗanɗana zaman gari a lokacin gudu suka koma Mubi, wannan yana jan keke napep, wancan yana dako a kasuwar shanu.

Duk wanda zai tashi, motar Zacharia yake nema. Shi ya ɗauki gadaje, da turame, da kujerun roba, da kaji a cikin kwando. Ba ya ƙin zuwa, aikinsa ne. Amma ranar da ya ɗauki ƙaninsa Kalibu, sai da ya kwana biyu bai shiga tasha ba.

Matar Kalibu, Rachael, naƙuda ta kama ta a tsakiyar Agusta, haihuwar ta zo da gardama. Zacharia ya ɗauko ta da sassafe, suka iske mayo ya cika. Awa biyar suka yi a bakin ruwa tana nishi a bayan mota, har dai maza shida suka ɗora ta a kan ƙyauren ɗaki suka ratsa da ita, ruwa iya ƙirji. Allah ya taimaka, ita da jaririn duk suka rayu. Ana gama girbi Kalibu ya hau rufin ɗakinsa da guduma ya fara cire kwano.

"Kalibu, har da kwanon?" in ji Zacharia, yana tsaye a ƙasa.

"Yaya, in na bar shi zan dawo. Ni kuma ba na so in dawo."

Zacharia ya miƙa hannu. Ya karɓi kwanon ɗaya bayan ɗaya ya jera a mota, ya ɗaure.

Haka aka yi ta tafiya har wata ranar Maris, da rana tana dukan mutane, wata budurwa mai hular kwano da jaka a baya ta zo tasha tana tambayar motar Kwazale. Ta ce sunanta Winifred, 'yar Michika ce, tana aiki da wani shiri na tsara karkara da aka ba ofis a Mubi. Ta ɗauki shatar motar. A hanya ta yi masa bayani, don shi ya tambaya. Shirin zai zana taswirar duk ƙauyukan yankin. Inda mutane suka taru da yawa, nan za a kai hanya, a gyara makaranta da asibiti da famfo. Ƙananan ƙauyukan da ke kewaye su riƙa zuwa can. Wanda kuma mutanensa suka ragu ƙwarai, za a rubuta shi a matsayin wurin da ya watse.

"In an rubuta ya watse, sai me?" in ji Zacharia.

"Ba za a kori kowa ba, Baba. Amma ba za a ƙara kai komai wurin ba. Makarantar ma za a haɗe ta da ta wani gari."

Jauro Ishiyaku, mai unguwar Kwazale, ya tarbe su a gindin tsamiyar ƙofar gidansa. Tsoho ne mai farin gemu, tare suka yi firamare da babban wan Zacharia. Ya sa aka kawo wa baƙuwa ruwa, sannan suka zagaya da ita. Winifred ba ta yi ha'inci ba. Ta shiga kowane gida, ta gaida kowace tsohuwa da durƙuso, ta rubuta. Gida sittin da uku ta ƙirga. Goma sha huɗu ne ke da mutane. Sauran wasu a kulle, wasu ba rufi, awaki na kwance a inda ake ɗora gado. A makaranta ta iske yara goma sha tara da malami ɗaya.

A hanyar komawa, da suka hau kwalta, Zacharia ya ce, "Madam, mun faɗi ko?"

Ta ce, "Ba ni ke yanke hukunci ba, Baba. Amma ba zan ɓoye maka ba, goma sha huɗu bai kai ba."

Da ya isa gida Christy ta ajiye masa tuwo da miyar yakuwa, ya zauna yana kallon kwanon. Ya ba ta labari duka. Abin da ya fi cin ransa shi ne, duk gidan da yarinyar nan ta leƙa ta ga ba kowa, ya tuna ranar da ya tsaya da mota a ƙofarsa.

"Da hannuna na kwashe garin nan, Maman Purity."

"Kai ka cika rafi da ruwa?" in ji ta. "Ci abincinka. Ita wannan yarinyar, wa ya ce ta zo da rani? Da rani ko ni in da ina da wurin zuwa ba za ta same ni ba. Gonar Kalibu wa ke noma ta?"

"Shi."

"Ta gidan Ephraim fa? Ta 'ya'yan Jauro? Ba kai kake kawo su ba duk damina, har ka rasa inda za ka sa ƙafa a motarka?"

Zacharia ya ɗago kai ya dube ta. Abu ne da ya sani sarai, sai dai bai taɓa ɗaukarsa a matsayin abin da za a faɗa wa mai takarda ba. Mutanen Kwazale sun kwashe gadajensu, amma ko ɗaya bai saki gonarsa ba. Daga ruwan farko har a gama sussukar wake, ƙauyen cike yake.

Washegari ya sa rigarsa ta zuwa coci ya nemi ofishin su Winifred. Bai saba shiga irin wuraren nan ba. Ya cire hula tun daga ƙofa, ya zauna a bakin benci har ta fito.

"Madam, ba roƙo na zo yi ba. Kin zo gidanmu ranar da masu gida ba su nan. Ki dawo da damina, ki sake ƙirgawa. In kin ga yadda kika gani jiya, ni da kaina zan ce ki rubuta ya watse."

Ta nuna masa takardar da take cikewa. Layi ɗaya ne kawai aka ware: mazauna. Babu wurin rubuta mutumin da ke kwana a Mubi yana noma a Kwazale. Ta ce ƙauyuka arba'in da wani abu ne a wuyanta, kuma ƙarshen Agusta za ta miƙa rahoto. Amma ta karɓi lambarsa, ta ce in ta samu rana za ta zo.

Bai bar ta ta manta ba. Duk Litinin sai ya kira, ya gaishe ta, ya tambayi mutanen Michika, ya ce an yi shuka, an yi noman farko, masara ta kai gwiwa. Ba ya ambaton alkawarin. A kira na goma sha wani abu ta fashe da dariya ta ce, "Baba Zacharia, na ji. Asabar mai zuwa."

Ranar Asabar ɗin suka bar Mubi da ƙarfe shida na safe, bayan motar cike da mutane da fartanyu da buhunan taki. Gari ya waye tas, amma can kan duwatsu baƙin hadari ne kwance. Tun daga nesa Zacharia ya san abin da za su tarar. Da suka iso, mayo ya cika ya batse, ruwan ja wur, yana jan rassan itace.

Winifred ta sauko daga mota ta tsaya. Bakin rafin kamar ranar kasuwa. Kekuna, babura, keke napep huɗu da suka sauke fasinja suna juyawa, mata da goyo sun shimfiɗa zani a kan ciyawa, maza na wasa fartanya da dutse. Wasu na hira da Gude, wasu da Hausa, wata mata tana sayar da dafaffiyar masara.

"Duk waɗannan ina za su?"

"Gida," in ji Zacharia.

Ta ciro littafinta ta fara bin su ɗaya ɗaya. Ina kake kwana? Mubi. Ina kike kwana? Sahuda. Ina gonarka? Kwazale. Kwana nawa kake yi in ka shiga? Wani ya ce uku, wani ya ce mako biyu, wata tsohuwa ta ce sai an yi girbi za a sake ganinta a gari. Da ta zo kan Kalibu ta tambaye shi dalilin tashinsa, bai yi dogon bayani ba. Ya nuna ruwan da haɓarsa.

"Wannan ne, Madam. Ba yunwa ba, ba tsoro ba. A nan matata ta kusa mutuwa, daidai wurin da kike tsaye."

Sai wajen sha ɗaya ruwan ya fara ja da baya. Mutane suka tattare kaya a ka, suka riƙe hannun juna suka shiga. Winifred ta cire takalma ta rataya a wuya, ta ɗora jakarta a ka, ta bi layi tsakanin mata biyu. A nan ne Zacharia ya yi abin da bai taɓa yi ba a shekara ashirin. Ya san ruwan bai gama sauka ba, ya san da saura kamar rabin awa. Amma zumuɗin ya kai baƙuwa cikin gari kafin mutane su watse gonaki ya ɗebe shi, ya sa giya ya shiga. A tsakiyar rafin motar ta yi tari biyu ta mutu, ruwa ya fara shigowa ta ƙarƙashin ƙofa.

Ihu da dariya suka tashi daga gaɓa biyu. Maza kusan ashirin suka ajiye kaya suka dawo, Kalibu a gaba, suka tura ta har kan tudu. Zacharia ya fito wandonsa sharkaf, kunya ta hana shi duban kowa.

"Baba, wannan ma zan rubuta," in ji Winifred, tana matse bakin siket.

Mutum ɗari da tamanin da bakwai ta ƙirga a bakin ruwa kaɗai. A cikin gari ta iske ɗakunan da ta gani ba rufi an lulluɓe su da tamfol, hayaƙi na tashi daga kusan kowane tsakar gida. Jauro Ishiyaku ya sake zagayawa da ita, wannan karon yana tafe yana kiran sunan masu gida suna amsawa.

Daga nan sai jira. Winifred ta ƙara shafi huɗu a bayan takardar Kwazale, da hotuna. Ta gaya wa Zacharia gaskiya cewa shugabanta ya ce ba a saba yin haka ba, in aka buɗe wa ƙauye ɗaya wannan ƙofar kowa zai nema. Ta ce ta amsa masa cewa in kowa na da mutum ɗari da tamanin a bakin rafi, ya kamata a sani. An tura rahoton Yola. Satumba ta wuce, aka yi girbi, aka yi Kirsimeti, shiru. Zacharia ya daina kiran Litinin, don kada ya zama yana matsa wa yarinyar kan abin da ba a hannunta yake ba. Duk lokacin da ya wuce ta gaban makaranta ya ji yara na karatu, sai ya kau da kai. Christy ta lura ya rame, ta ce ciwon baya ne, shi ma ya ce ciwon baya ne.

Wata Alhamis a watan Fabrairu yana kan hanyar Sahuda da lodin wake, wayarsa ta yi ƙara. Ya ga sunan, ya gangara gefen hanya ya kashe mota.

"Baba Zacharia, kana zaune?"

"Ina zaune, 'yata. Faɗi kawai."

"Kwazale na nan a taswira. An rubuta shi garin noma. Makaranta ba za a rufe ba, an ba ta shekara biyu a ga ko yara za su ƙaru. Asibiti ba a ba ku ba, sai dai na Sahuda. Amma an amince a yi kwalbati a kan mayo."

Ya ce ta maimaita na ƙarshen. Ta maimaita. Ya yi godiya da Hausa, ya yi da Gude, har ya manta ita ba ta jin Gude. Ya fito ya zauna a kan wani dutse a bakin hanya, ya yi ajiyar zuciya mai tsawo, sannan ya kira Jauro. Tsohon ya yi ta faɗin alhamdu lillahi, can sai ya ce, "Ka gaya wa Christy tukuna?" Zacharia ya ce a'a. Jauro ya ce, "To kashe wayar nan ka kira ta, kafin ta ji a bakin wani mu shiga uku ni da kai."

Aikin bai zo da sauri ba. Rani biyu ya ci. Ɗan kwangilar ya zuba yashi da tsakuwa ya ɓace wata biyar, har mutane suka fara cewa an yi irin ta kullum, sannan ya dawo da ma'aikata. A tsakanin nan Winifred ta zo da masu awo suka kafa turaku: nan filin kasuwa, nan hanyar da shanun makiyaya daga wajen Sorau za su riƙa bi kada su shiga gonaki, nan kuma ba a yarda a yi gini ba don hanyar ruwa ce. An sha gardama. Turke ɗaya ya faɗa cikin gonar kuɓewar Jauro, sai da aka yi zama uku kafin ya haƙura ya bar musu kunya biyu na gonar.

Ba kowa ya dawo ba. Gida tara ne aka sake yi wa rufi. Kalibu yana Mubi, ya ce yaransa sun saba da makarantarsu, amma yanzu yakan shigo da babur da safe ya koma da yamma. Yaran makaranta sun kai talatin da ɗaya. Keke napep sun gano hanyar, sun kwashe wa Zacharia fiye da rabin fasinjansa, ya koma ɗaukar buhuna da taki. In aka yi masa jaje sai ya ce bayansa ma ya gode. Wasu Asabar ɗin ɗaliban Poli, kwalejin kimiyya da fasaha ta Mubi, sukan zo hawan dutse da ɗaukar hoto, su sauko da yunwa, Christy ta sayar musu da kunun gyaɗa da ƙuli-ƙuli, tana yi musu faɗa kada su taka wa mutane wake.

Abu ɗaya ne ya rage yana damunsa, bai gaya wa kowa ba. Ya ga yadda aka zuba kankaren, ya kuma san ƙarfin ruwan nan. A damina ta farko, ranar da aka yi babban ruwa a kan duwatsu tun asuba, ya bar mota a gida ya taka da ƙafa zuwa bakin mayo. Ya iske Jauro ya riga shi, yana tsaye da lema. Ruwan ya zo da ruri, ya cika bakin kwalbatin, ya hau samansa ya rufe shi gaba ɗaya. Su biyun suka tsaya suna kallo. Bayan kamar awa ɗaya da rabi ruwan ya fara sauka, gefen kankaren ya bayyana, sannan tsakiyarsa, da laka da ganyaye a kai. Zacharia ya hau, ya taka daga wannan ƙarshen zuwa wancan, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashi, ya buga ƙafa sau biyu.

"Yaya?" in ji Jauro daga gaɓa.

"Yana nan, Jauro. Ko tsagewa babu."

Wani mai keke napep da ya daɗe yana jira a ɗaya gefen ya danna oda, da mata uku a ciki da buhun gishiri. Zacharia ya matsa gefe ya ba shi hanya. Suka koma cikin gari shi da Jauro suna tafe a hankali, suna maganar tsadar taki. Da ya isa gida ya ci ɗumamen tuwo, ya shimfiɗa tabarma a baranda, ya yi barci har la'asar.